Ruwa Kafin Layi: Martani kan Sabunta Tsofaffin Unguwanni a Ƙasar Arewa

A wani zama da muka yi kan tsara garuruwa, wani abokin aikina ya dage cewa hanyar farfaɗo da tsohuwar unguwa ɗaya ce: a miƙe layuka, a rushe ginin ƙasa, a yanka filaye kamar yadda ake lotisma a bayan gari. Ya ce garuruwa masu tasowa irin su Ɗan Kassari da Tibiri gara su yi haka yanzu, tun kuɗin diyya bai yi yawa ba. Shaidarsa ta farko Maraɗi ce. Ban gamsu ba.

Labarin sananne ne (Grégoire, 1986): a 1945 ambaliya ta ci tsohon garin da ke cikin fadama, Faransawa suka mayar da jama'a bisa tudu, a layuka miƙaƙƙu. A ganina hawa tudun ne ya tsirar da Maraɗi. Da an shata layukan nan a cikin fadamar, da gulbi ya sake cinye su. Ƙaura aka yi, kuma ba a auna gyaran unguwa da ƙaura.

Hujjarsa ta biyu ta fi nauyi, ba zan raina ta ba. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwan sama mai yawa. Ya ce ga shi nan, ƙasa ba ta iya daminar zamanin nan. Amma ginin da ya kai shekara wajen 170 a tsaye ya ga damina iri-iri, don haka abin tambaya shi ne me ya sauya a kewayensa da kuma wajen kula da shi. Kowane magini ya san katangar ƙasa ta sama da ta gindi take mutuwa: indararo ya toshe, ko ruwa ya kwanta a ƙafarta. Na sha tsayawa a lungu bayan an ɗauke ruwa, ina kallon titin da aka ɗaga ya fi dokin ƙofa tudu, ruwa yana gangarowa cikin zaure, mai gida yana kwasa da tasa. Na kuma ga shafen siminti a kan tubali ya kumbura ya ɓare, laima ta riga ta ruɓar da cikin bangon. Agadas kuwa, da lungunanta da gininta na ƙasa UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Akwai kuma abin da taswirar abokin nawa ba ta nunawa, wato gidan gado. Gida ɗaya, magada sun fi goma, wasu suna Yamai, wasu suna Sakkwato, babu mai sayen yaɓe don gyara abin da ba nasa shi kaɗai ba. Mai yiwuwa wannan ya fi ruwan sama rusa gidaje. Taswira ba ta kuma nuna ma'anar wuri: a ƙasar da Lugu take, garin Sarauniya da ayarin Voulet da Chanoine suka auka wa a 1899, wata bishiya ko tsohuwar rijiya tana da ma'anar da dattawa kaɗai za su faɗa wa mai awo, in ya tambaye su.

A nan sai in taƙaita da'awata. Na yarda akwai lungun da motar asibiti ba ta shiga, kuma mace mai naƙuda ba za ta jira mu gama muhawara ba. Dole a ja wasu katangu baya. Jerin aikin nake jayayya a kai. An saba farawa da titi: bukukuwan ranar Jamhuriyar Nijar ta 18 ga Disamba, daga Dosso Sogha a 2014 zuwa Maradi Kolliya a 2015 da Zinder Saboua a 2018, abin da ido ya fi gani a cikinsu manyan tituna ne da gine-ginen hukuma. Ƙaramar komin ba ta da kuɗin kwaikwayon wannan.

Ina roƙon hukumar Ɗan Kassari ta fara da bin sawun ruwa a cikin damina, tare da magina da masu unguwanni, ta zauna da magada, sannan ta kira mai awo.