Daga Turkudi Zuwa Shadda: Adon Matan Ƙasarmu Cikin Shekaru Ɗari

Idan ana ba da tarihin gari, an saba lissafa sarakuna, da yaƙoƙin da suka yi, da ganuwar da suka gina, da shekarun yunwa da na wadata. Akwai kuma wani tarihin da ba a cika rubutawa ba, alhali yana nan a fuskokin kakanninmu mata, da kawunansu, da cikin adudunsu. Abin da ake kira kyau ga ɗiya mace a Katsinar Maradi, da Gobir, da Damagaram, da Adar, da Arewa ya sauya kama sau da dama cikin ƙarni guda. A farkon ƙarnin da ya wuce, yawancin adon mace a jikinta yake, kuma hannun mutanen ƙasa ne ya yi shi. A yau yawancinsa cikin akwati yake, daga nesa ya zo, da kuɗi aka saye shi.

Zamanin aska da shuni

Adon farko da ɗiya take samu a da, wanzami ne yake yi mata shi tun tana jaririya. Tsagen gado shi ne takardar shaidar mutum a zamanin da ake yaƙi ana kama bayi. Da ganin dogayen zanen da suka taso daga gefen baki suka nufi kunne, an san Bagobira ce ko Bakatsina, kuma Arawa su ma da nasu. Idan yarinya ta tasa, sai a ƙara mata tsagen ƙawa, kamar kalangu, da ƴar baka, da bille. Wadda ba ta son aska ta sake taɓa ta, sai ta ɗiga katambiri a goshi da kumatu, ya yi kwanaki ya goge.

Masu kirari sun bar mana siffar macen da ake yabo a wancan zamani: mai dogon wuya, mai dara-daran idanu, mai wushirya, mai cikar jiki. Rama alamar ciwo ce ko rashin kulawar miji, shi ya sa ake tsare amarya da mai jego da fura da nono da kunun kanwa har su murje. Maƙwabtanmu Zabarmawa ma suna da al'adar hangandi, inda mata suke ƙiba da gangan a yi gasa. Haƙora kuwa ja ake so. Mace ta ci goro, ta goga furen taba, har bakin ya rine. Ido ya sha kwalli daga tandu, hannu ya kwana cikin zunguru da lalle, ƙafa a ƙunshe da ganye. A kai ana yin doka, a shafe ta da man shanu da shuni. A ƙugu jigida, a wuya murjani da tsakiya, a hannu mundayen tagulla ko na azurfa.

Sarkin sutura a lokacin shi ne turkudi. Mata ne suke kaɗa audugar da mazari, masaƙa su saƙa ta ƙyalle-ƙyalle, a ɗinke, marina su tsoma cikin karofi da baba sau da yawa, sannan a kai wa masu bugu su buge shi da shuni har ya riƙa walƙiya. Mafi shahara shi ne ɗan Kura, daga ƙasar Kano, kodayake garuruwanmu ma suna da marinansu. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a farkon 1851, ya kuma zo Damagaram a ƙarshen 1852, ya ambaci turkudi cikin manyan hajojin da Kano take fitarwa zuwa arewa. Abin lura shi ne, shunin yana zuba a jiki, kuma ba a ɗaukar wannan aibi. Matar da fatarta ta yi baƙi-baƙi mai sheƙi saboda shuni, an san ƴar gidan wadata ce.

Sutura da daraja

Ba kowace mace ce take da ikon yin irin wannan ado ba. Matan fada, da na manyan malamai, da na fatake su ne masu zane biyu ko uku, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙirji, ɗaya a yi lulluɓi. A Maradi, wadda sarakunan Katsina suka kafa bayan jihadi, da Tsibiri ta Gobirawa, Iya da Inna suna da sarauta da jama'a, kuma idan suka fito ranar salla ko ranar wasa, daga gare su sauran mata suke ɗaukar samfuri. Matar talaka kuwa, wadda take noma gamanarta, take zuwa rijiya da itace, zane guda take ɗaurawa a ƙirji, kafaɗa a waje, ba wanda yake ganin laifinta. Baiwa ma haka, sai dai ita ko ta so lulluɓi ba ta isa ba.

Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka kuma fitar da dokar hana bauta a 1905, sai wannan shinge ya fara rushewa sannu a hankali. Matar da ta sami ƴancinta, abu na farko da take nema shi ne abin da aka hana ta a da, wato zane na biyu da mayafi. Ke nan tun kafin wa'azin zamaninmu, rufe jiki ya riga ya zama hanyar nuna cewa mace ɗiya ce, mai mutunci, mai gata.

Gyaɗa, kanti da keken ɗinki

Babban sauyi ya zo ne tare da gyaɗa. Daga wajen 1930 zuwa bayan 1960, ƙasar Maradi da ta Damagaram sun zama rumbun gyaɗar Nijar. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna sayen gyaɗa, su kuma sayar da yadi, da atamfa, da turare, da madubi, da kwanoni masu fenti. Manomi ya karɓi kuɗinsa a bakin sikeli, kafin ya isa gida ya bar rabi a kanti. Bayan ambaliyar 1945, wadda ta sa aka tashi garin Maradi daga fadama zuwa tudu, sabon gari ya zo da faffaɗan tituna da kasuwa da kantuna, alhazai ƴan kasuwa kuma suka fara ƙarfi.

Atamfa ta fi turkudi sauƙin nauyi, ba ta zuba, ga launi iri-iri. Keken ɗinki ya shigo, tela ya zama mutum mai muhimmanci a unguwa, mata suka fara sa riga a kan zane. Kallabi da adiko suka hau kan doka, har ita dokar ta ja baya ta bar wa ƙananan kitso fili. Ƴan matan da suka shiga lakwal suka fara jin kunyar jan haƙori da tsage, tun da malamai da ma'aikata farin haƙori da fuska sumul suke yabo. Lefe, wanda asalinsa kwando ne na kaba, ya koma akwati, aka shiga ƙirga turamen da ke ciki. Wadda aka kawo wa ƴar Holan ta fi wadda aka kawo wa ƴar Kaduna, ita kuma darajar amarya ta fara rataya ga lissafin turmi.

Bayan ƴancin kai

Daga 1960 zuwa gaba, ado ya shiga hidimar ƙasa. Ana buga atamfa da hoton shugabanni domin bukukuwa, masaƙar Sonitextil ta Yamai ta yi zamaninta, ƙungiyoyin mata suna fitowa da anko. A mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, Samariya ta maido da kayan gargajiya dandali, ƴan mata suka riƙa sa saƙi da murjani domin wasa da gasa. Wannan ya nuna cewa kayan sun riga sun bar rayuwar yau da kullum, sun zama na nuni. Jirgin sama ya sauƙaƙa aikin haji, hajiyoyi suka dawo da sarƙar zinariya da haƙorin Makka, azurfa da tagulla suka koma na ƙauye. Shadda da leshi suka zama kayan fita biki, a Damagaram kuma lafaya da turaren wuta irin na Barebari suka ƙara samun karɓuwa.

A shekarun 1980 da 1990 wa'azi ya yi ƙarfi, musamman bayan da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta sami magoya baya a Maradi da sauran garuruwa. Makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita, hijabi ya fito, ya rufe gyale da kallabi. Abin da a da yake na matan fada da na malamai, yanzu ya game har da mai tallan fura. A daidai wannan lokaci ne kuma Alphadi ya buɗe bikin nunin tufafin Afirka, FIMA, a Tigidit kusa da Agadas a 1998. Da aka kawo shi Yamai a Nuwamban 2000, an yi zanga-zanga a Yamai da Maradi. Wannan ya isa shaida cewa maganar suturar mata ta wuce maganar tela, ta taɓa addini da siyasa da tarbiyya.

Riba da hasara

Zamani riga ne, in ji magabata. Cikin abin da ya kawo akwai alheri bayyananne. Aska guda ba ta bin fuskokin jarirai da yawa kamar da, ciwon da take yaɗawa ya ragu. Sutura ta wadata, ba a gane ɗiyar bawa da ɗiyar sarki ta wurin zane. Ɗinki, da kitso, da zanen lalle, da dilka da halawa da suka zo mana ta Cadi da Barno, sun zama sana'ar da mata da yawa suke ci da kansu da ƴaƴansu.

Hasarar ma ba ƙarama ba ce. Karofi da yawa sun cike da ƙasa, mazari ya ɓace daga ɗakunan tsofaffi, kuɗin adon da a da yake zagayawa tsakanin manomin auduga da masaƙi da marini da maƙeri yanzu ƙetare yake tafiya. Mun ji zafin haka a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, farashin kayan waje ya yi tsalle, aure ya gagari samari da dama saboda akwati. Mafi muni shi ne shafe-shafen canza launin fata. Jikokin matan da suke alfahari da sheƙin shuni, wasunsu yau suna sayen mayukan da ke ɗauke da sinadarai masu sa fata ta yi sirara ta ƙi warkewa, masu jawo hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda. Ƙasar Kodibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015. Mu ma iyaye da malamai da masu riƙe da sarauta muna da abin faɗa, domin yarinya ba ta ƙin launinta sai ta ji ana yabon wani a gabanta.

Har yanzu amarya ba ta fita sai da lalle, ido bai rabu da kwalli ba, ƙarƙashin hijabi kuma kitso yana nan. Sauran kayan kuwa, akwai gidajen da ke da tsohon turkudi a ƙasan adudu, da tandu, da zunguru, da mundayen kaka. Ya kamata a adana su, a tambayi tsofaffin da suka rage sunan kowane kitso da kowane tsage a rubuta, fada kuma ta ware musu ɗaki inda yara za su zo su gani. Allah ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.