Amurka: Abin da doka ta ce kan mallaka da rajistar ƙananan bindigogi masu ƙirar AK da AR-15

A shagunan sayar da makamai na Amurka akwai wata bindiga da duk wanda ya gan ta zai rantse cewa AK-47 ce ko AR-15 aka datse. Harsashinta irin na babbar ne, gidan harsashinta ma haka, amma a takarda sunanta fistol, wato ƙaramar bindigar hannu. A jihar Texas mutum na iya sayen ta ya tafi da ita gida a ranar. A New York ko birnin Washington kuwa, kama shi da ita kaɗai ya isa ya kai shi gidan yari. Dalili shi ne dokoki biyu ne ke hawa kan bindiga guda: ta tarayya da ta jiha, kuma cika sharuɗɗan ɗaya ba ya wanke mutum a gaban ɗayar.

Wace irin bindiga ce?

Dokar tarayyar Amurka tana raba bindigogi ne ta yadda aka ƙera su domin a riƙe. Wadda aka yi domin a jingina gindinta a kafaɗa, doguwar bindiga ce. Wadda aka yi domin a harba da hannu ɗaya, fistol ce. Saboda haka kamfanoni suka riƙa ƙera AR-15 da AK masu gajeren bututu kuma ba tare da gindin kafaɗa ba, suna sayar da su a matsayin fistol. Daga cikin sanannu akwai Draco, wadda ake shigowa da ita daga Romaniya, da AR-556 ta kamfanin Ruger. Ba sa ɓarin wuta irin na bindigar soja. Kowane jan kunama harsashi ɗaya yake fitarwa. Sai dai harsashin ya fi na fistol ɗin da aka saba gani ƙarfi nesa ba kusa ba, ga shi kuma bindigar na shiga jakar goyo.

Dokar 1934 da batun inci 16

Tushen lamarin shi ne dokar makamai ta ƙasa ta 1934, wadda aka kafa a zamanin da gungun 'yan daba suka addabi biranen Amurka. Dokar ta sa harajin dala 200, kuɗi mai tsoka a wancan lokaci, da tilascin rajista kan bindiga mai ɓarin wuta, da na'urar rage ƙara, da doguwar bindigar da aka gajarta. A yau duk bindigar kafaɗa da bututunta bai kai inci 16 ba, kimanin santimita 41, ko tsawonta baki ɗaya bai kai inci 26 ba, kimanin santimita 66, ta faɗa ƙarƙashin wannan doka.

Da farko an so a haɗa har da fistol, amma majalisa ta cire ta kafin a zartar. Wannan giɓi ne ya haifar da abin da ake gani yanzu. Fistol mai bututun inci 10 halal ce ba tare da rajistar tarayya ba. Ranar da mai ita ya ɗaura mata gindin kafaɗa kuwa, ta zama gajartacciyar bindiga, kuma in bai riga ya sami izini ba, hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 10. Ɗaura mata mariƙi na biyu a tsaye daga gaba shi ma yakan jefa ta cikin jerin makaman da dole a yi musu rajista.

Rikicin madogarar dantse

A 2012 wani tsohon soja mai suna Alex Bosco ya ƙirƙiro wata madogara da ake ɗaurewa a dantse, domin abokinsa da ya nakasa ya iya harba irin wannan fistol mai nauyi. Hukumar ATF, mai kula da harkar makamai, ta amince cewa madogarar ba gindin kafaɗa ba ce. Kafin a ce kwabo kasuwa ta cika da ita, kuma da yawa daga masu saye a kafaɗa suke jingina ta. A 2015 hukumar ta ce yin hakan ya sauya bindigar, a 2017 kuma ta sassauta matsayinta.

Hankali ya dawo kan batun bayan hare-hare biyu da aka kai da irin wannan bindiga. A watan Agustan 2019 an kashe mutum 9 a Dayton ta jihar Ohio cikin kusan rabin minti. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 10 a wani kantin sayar da abinci a Boulder ta jihar Colorado. Gwamnatin Joe Biden ta fitar da ƙa'ida a watan Janairun 2023 wadda ta mayar da galibin fistol masu madogara gajartattun bindigogi, ta bai wa masu su kwana 120 su yi rajista kyauta, ko su cire madogarar, ko su sa dogon bututu, ko su miƙa bindigar.

Hukumar ATF ta ƙiyasta cewa akwai aƙalla miliyan 3 a hannun jama'a, sashen bincike na majalisar dokoki kuma ya ce tsakanin miliyan 10 zuwa 40. Da wa'adin ya cika a ƙarshen watan Mayun 2023, buƙatun rajista kimanin dubu 255 kacal aka samu. A watan Yunin 2024 alƙali Reed O'Connor na kotun tarayya a Texas ya soke ƙa'idar, kuma a 2025 gwamnatin Donald Trump ta janye ƙarar da aka ɗaukaka. Wata doka da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mayar da harajin dala 200 zuwa sifili kan gajartattun bindigogi daga farkon 2026, amma ta bar tilascin rajista.

Yadda ake rajistar tarayya

Amurka ba ta da kundin rajista na ƙasa na bindigogin yau da kullum. Wata doka ta 1986 ma ta hana a kafa shi. Mai sayen fistol daga dillali mai lasisi sai ya cika shekara 21, ya cike takarda, a kuma binciki tarihinsa a rumbun hukumar FBI. Wanda yake son mayar da ita gajartacciyar bindiga kuwa sai ya nemi izinin ATF, ya aika hotonsa da hoton zanen yatsunsa, ya sanar da shugaban 'yan sandan yankinsa, sannan ya jira amsa kafin ya ɗaura komai. Bayan haka ma, tsallaka iyakar jiha da ita sai da wani izinin.

Jihohin da ƙofa ke rufe

A nan ne mutane da dama ke rufta wa. A jihohi masu tsauri, irin wannan fistol tana shiga jerin makaman farmaki da aka haramta, kuma lokacin rajistarsu ya wuce.

New York na buƙatar lasisin fistol tun 1911. Bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a 2012, jihar ta kafa dokar SAFE a Janairun 2013. Fistol mai gidan harsashi da ake cirewa ta haramta idan gidan yana shiga ne a wani wuri daban da mariƙin hannu, ko nauyinta ya kai kusan kilo 1.4. Kusan duk masu ƙirar AK da AR haka suke. Waɗanda suka riga suka mallaka an ba su zuwa 15 ga Afrilun 2014 su yi rajista.

Kalifoniya ce ta fara irin wannan haramci a 1989, ta faɗaɗa shi a 1999. Tana da jerin fistol da aka yarda dillalai su sayar, da jiran kwana 10 kafin a karɓi bindiga. A birnin Washington kowace bindiga sai an yi mata rajista a wurin 'yan sanda, kuma ba sa karɓar wadda dokar birnin ta kira makamin farmaki. Illinois ta bi sahu a Janairun 2023, wata shida bayan kashe mutum 7 a wani fareti a Highland Park, ta sa 1 ga Janairun 2024 a matsayin wa'adin bayyana abin da ke hannu.

Masu adawa da waɗannan dokoki na dogaro da hukuncin kotun ƙoli na 2008 da na 2022, waɗanda suka ƙarfafa 'yancin mallakar bindiga. Sai dai a watan Yunin 2025 kotun ta ƙi sauraron ƙarar da ke ƙalubalantar haramcin jihar Maryland, abin da ya bar dokar tana aiki.

Baƙi mazauna Amurka

Ga Hausawan Ghana da Nijar da sauran ƙasashe da ke zaune a unguwannin Bronx da Harlem, akwai ƙarin shinge. Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga bisa sharuɗɗan jiharsa. Wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu an hana shi, in ban da 'yan keɓaɓɓun yanayi kamar riƙe lasisin farauta. Wanda ba shi da takardu an hana shi gaba ɗaya, kuma hukuncin na kaiwa shekara 15. Laifin bindiga yana iya jawo kora daga ƙasar ko da ga mai katin dindindin.

Aika bindiga gida ba tare da lasisin fitarwa ba shi ma babban laifi ne. A 2024 wata kotun tarayya ta sami wani manjo na sojan Amurka da laifin safarar bindigogi zuwa Ghana a ɓoye cikin duromin shinkafa da kayan gida. A wannan ɓangaren kuma, yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 da ta Kinshasa ta 2010, wadda ta shafi Kamaru da Chadi, sun ɗora shigo da ƙananan makamai kan izinin hukuma. Takardar sayayya daga shagon Amurka ba ta da wani amfani a tashar jiragen ruwa ta Tema ko Duwala.