Tiger Moth: Daga Filin Stag Lane Zuwa Kurmin Gabon

A farkon Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a Kano bayan doguwar tafiya daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Su ne jiragen sama na farko da suka sauka a Nijeriya. A wannan shekara kuma, ran 22 ga Fabrairu, mutumin da ya zana su, Geoffrey de Havilland, ya gwada wani ɗan ƙaramin jirgi a filin Stag Lane kusa da Landan. Ya sa masa suna Moth, wato faɗa-wuta, domin tun yana yaro yake sha'awar nazarin irin waɗannan ƙwari.

Manufarsa ita ce ya ƙera jirgin da farar hula zai iya saya, ya tuƙa da kansa. Injinsa ɗaya ne, mai ƙarfin doki 60, kujerunsa biyu, gangar jikinsa katako, fukafukansa an lulluɓe su da yadi. Ana iya naɗe fukafukan a jikin jirgin, a shigar da shi ƙaramar rumfa. Gwamnatin Ingila ta tallafa wa ƙungiyoyin koyon tuƙin jirgi suka saye shi. A Mayun 1930 Amy Johnson ta tuƙa irinsa ita kaɗai daga Ingila har Darwin ta Ostireliya.

Tiger Moth, wanda ya fara tashi ran 26 ga Oktoba 1931, daga wannan zuriya ya fito, amma buƙatar soja ce ta sāke masa siffa. Sojan sama sun ce dole wanda ke kujerar gaba ya iya dirowa da laima idan hatsari ya taso, alhali fiffiken sama yana bisa kansa. Sai masu ƙira suka matsar da tsakiyar fiffiken gaba. Hakan ya ɓata daidaiton nauyi, don haka suka karkatar da bakin fukafukan baya don su rama. Wannan karkata da mai kallo zai ɗauka ado ce, gyara ne kan gyara. An kuma kifa injin, kansa ƙasa, don matuƙi ya riƙa hangen gabansa.

Jirgin ba shi da birki, ba shi da rufi, kuma da hannu ake murza farfelarsa kafin ya tashi. Duk da haka an ƙera fiye da 8,000, kuma a cikinsa dubban matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu suka koyi aiki. Da yaƙi ya ƙare aka yi gwanjonsu da araha, suka watsu a duniya.

Ta haka ɗaya ya isa Libreville. Gabon ta wancan zamani tana ƙarƙashin Faransa, kurmi ya rufe fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙasar, hanyoyin mota kaɗan ne, damina kuma ta kan lalata su. Arzikinta itacen okoumé ne, wanda ake sarewa a can cikin daji, a koro gungumensa ta kogin Ogooué zuwa Port-Gentil. Mai sansanin katako da ƙarfen injinsa ya karye, ko ma'aikacinsa ya ji rauni, sai ya yi kwanaki a kwalekwale. Wani matashin Bafaranshe, Jean-Claude Brouillet, ya fara jigila tsakanin irin waɗannan sansanoni da tsohon Tiger Moth, yana sauka a filayen da aka share da gatari. Ya ba da labarin a littafinsa L'Avion du blanc na 1972. Sunan littafin, “jirgin Bature”, ya isa ya nuna wa mai karatu ta wace fuska aka kalli al'amarin. A ganina tarihin nan yana da gurgunta muddin ana ambaton matuƙi ana mantawa da 'yan ƙasar da suka sare itatuwa, suka tone kututture, suka daddaɓe ƙasa kafin taya ta taɓa ta.

Abin da ya sa jirgin ya dace da kurmi shi ne rashin nauyi da rashin gudu: ɗan gajeren fili ya ishe shi sauka. Amma fasinja ɗaya kawai yake ɗauka, zafi da raɓa kuma abokan gābar katako da yadi ne. Ba da daɗewa ba jirage masu jikin ƙarfe da rufaffen ɗaki, irin Cessna 172 da ya shiga kasuwa a 1956, suka karɓe aikin a wurare da dama. Harkar da Brouillet ya fara ta girma ta zama Transgabon, wadda daga ita aka kafa Air Gabon a 1977, bayan ƙasar ta fice daga Air Afrique. Air Gabon ta daina aiki a 2006.

Ɗalibi ya lura da kalmar jirgi kanta. Asalinta na ruwa ne, daga baya Bahaushe ya ara wa na ƙasa da na sama, ya kuma bar wa mai sarrafa su sunan mai tuƙa kwalekwale, matuƙi. A Gabon haka abubuwan hawan suka biyo juna, sai dai na sama ya riga na ƙasa: layin dogo daga Owendo bai kai Franceville ba sai a ƙarshen 1986.