Asalin Safa Mai Rababben Yatsa

Duk wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Jibiya a tsakiyar hunturu, ko ya tsaya a garin Kusa yana duban masu haramar ƙetarawa Maraɗi ta hanyar Ɗan Isa, ba zai rasa ganin dattijon da ya sanya safa da takalmi fade ba, ya cusa bakin safar tsakanin babban yatsa da mabiyinsa domin igiyar takalmin ta sami wurin zama. Wannan 'yar matsala, wadda mutanenmu ke magancewa da dabarar yatsu, masaƙan Misira sun riga sun warware ta tun kafin bayyanar Musulunci.

A kufan garin Oksirinkus da ke yamma da kogin Nilu an tono jajayen safa na ulu, waɗanda masana suka ƙiyasta an yi su tsakanin shekarar 250 da 420 Miladiyya, kuma suna nan ajiye a Landan. Kowace an raba bakinta gida biyu, ɗaki guda na babban yatsa, ɗaya na sauran huɗun, saboda takalmin mutanen wancan zamani mai igiya ne irin namu. Da allura ɗaya aka yi su, ana ƙulla guntayen zare madauki bayan madauki, aikin da ke bukatar haƙuri matuƙa.

Saƙa irin wadda muka sani yau, wadda ake jan zare ɗaya da allurai ba tare da yanke shi ba, shaidarta mafi daɗewa ita ma daga Misira ta fito, amma a zamanin daulolin Musulunci, daga wajen ƙarni na 11, inda aka samu safa na auduga, fari da shuɗi, masu zayyana. Daga nan sana'ar ta bi ta Andalus ta shiga Turai, har a shekarar 1589 wani Bature ɗan Ingila, William Lee, ya ƙago injin saƙa safa. Da yake Turawa rufaffen takalmi suke sawa, sai safarsu ta zo da dunƙulallen baki, kuma ita ce fatauci da mulkin mallaka suka yaɗa cikin duniya. Japanawa kuwa sun riƙe rababben yatsa a safarsu ta ɗinkakken ƙyalle, alhali safa mai gidan yatsu biyar ba ta yi tashe a Amurka ba sai cikin shekarun 1970.

Amma a ƙasar Hausa, abin da malamai suka fi sani shi ne huffi na fata, wanda littattafan Risala da Muhtasar suka yi bayanin shafa a kansa wajen alwala, har fuƙaha'un Malikiyya suka shardanta cewa ba a shafa a kan safa sai an lulluɓe ta da fata. Safar zare kuwa ta shigo ne tare da soja da ɗan makaranta, kana mata suka koyi saƙa ta da ulu da kwarashi, galibi domin jarirai.

Saboda haka, idan masaƙiya a Kusa ta ware wa babban yatsa ɗakinsa, ba bidi'a ta ƙago ba. Ta daidaita safa ne da takalmin da jama'arta ke sawa, kuma tana iya samun masu saye a duk lokacin ɗari.