Yadda Amurka Ta Miƙe Daga Teku Zuwa Teku

Lokacin da Amurka ta ayyana 'yancin kanta a 1776, jihohi 13 ne kawai jere a gaɓar Tekun Atlantika. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Birtaniya a 1783 ta tsayar da iyakarta a Kogin Misisipi. Amma kafin 1850 ta riga ta dangana da Tekun Fasifik.

Da ciniki aka fara. A 1803 Shugaba Thomas Jefferson ya sayi yankin Luwiziyana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, faɗin ƙasar ya kusan ninkawa. Sai dai ba a nemi jin ta bakin mutanen da ke zaune a wurin tun kaka da kakanni ba. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasar zuwa yammacin Misisipi, domin masu noman auduga su sami fili. A 1838 sojoji suka tasa ƙabilar Cherokee a gaba, dubbai suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta.

Mai cin iyakar gona ba ya rasa hujja. A 1845, shekarar da aka haɗe Tekzas da Amurka, wani ɗan jarida, John O'Sullivan, ya rubuta cewa mamaye nahiyar ƙaddara ce bayyananniya da Ubangiji ya tsara wa Amurkawa. 'Yan siyasa suka rungumi maganar, kwaɗayin ƙasa ya sami rigar addini. Shekara na zagayowa Shugaba James Polk ya shiga yaƙi da Meziko. Da aka yi sulhu a 1848, Meziko ta rabu da kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya.

Ko a cikin gida an sami masu ja. Abraham Lincoln, yana ɗan majalisa a lokacin, ya ƙalubalanci Polk ya nuna ainihin inda aka fara zubar da jini. Kuma ganimar ta zo da fitinarta: a sababbin yankunan, za a halatta bauta ko a haramta? Wannan gardama ce ta yi ta ruruwa har yaƙin basasa ya ɓarke a 1861.

Sai a 1945 Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta amfani da ƙarfi wajen taɓa iyakar wata ƙasa. Dokar ta cancanci a tsaya mata, domin duk ƙasar da ta faɗaɗa da bakin bindiga, gidan wani ta shiga.