Dutsen Washin Aska a Ƙasar da Babu Dutse

Masu iya magana sun ce wanzami ba ya son jarfa. Akwai kuma abin da ya fi jarfa ƙi, wato aska ta ci amanarsa a bainar jama'a. Ranar suna, an miƙo masa jariri ɗan kwana bakwai, mata sun yi da'ira sun zuba ido, in askar ta karce fatar kan yaron, to kafin la'asar labari ya gama unguwa. Saboda haka a cikin zabira, tare da asake da ƙaho, ba a rasa ɗan dutsen washi. Marubutanmu kan ce "wanzami ya wasa askarsa" su wuce, kamar dutsen nan a bakin hanya ake tsintarsa. A Haɗeja dai ba haka abin yake ba.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba ta da duwatsu. Daga fadamun kogin Haɗeja har jigayin da jiharmu ta samo sunanta a 1991, rairayi ne da laka da yumɓu, waɗanda ruwa da iska suka jibge a kwarin tafkin Chadi tun zamani mai nisa. Sai mutum ya nausa kudu maso yamma, wajen Dutse da Birnin Kudu, sannan zai ga fā da manyan duwatsu. Ke nan dutsen niƙan uwargida da dutsen washin wanzami duka baƙi ne, fatake ne suka ɗauko su a bayan jakuna. Abin da aka saya da kuɗi daga nesa kuwa ba a wasa da shi. Shi ya sa dutse mai kyau yakan shiga cikin kayan gado, ɗa ya karɓa daga uba tare da sana'ar, har tsakiyarsa ta lotsa saboda guga.

Ba kowane dutse ne ke yi wa aska ba. Washi hawa-hawa ne. Dutse mai kaushi yana cin ƙarfe da sauri, shi ke fitar da baki in aska ta dakushe ko ta yi giɓi, amma yakan bar ƙananan zane a bakin, kamar haƙoran zarto da ido ba ya gani. Irin wannan kaifi ya isa wuƙar mahauci, bai isa kan jariri ba. Sai an koma kan dutse mai laushi, an ɗiga ruwa, an yi ta jan askar a kwance ba tare da dannawa ba, har zanen ya shafe. Daga nan a goga a fata ko a tafin hannu don bakin ya miƙe. Dutsen gamawar nan shi ne mai wuyar samu, kuma a kansa ne gardama take.

Gardamar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Turai, wanzamai sun daɗe suna neman wani dutse ruwan ɗorawa da ake haƙowa a yankin Ardennes na ƙasar Beljiyam. A Amurka akwai dutsen jihar Arkansas, a Japan kuma na duwatsun kewayen birnin Kyoto. Dukansu halitta ce, babu guda biyu da suka yi daidai da juna, sai wanzami ya zauna da nasa ya koyi halinsa.

A 1891 wani Ba'amurke, Edward Acheson, yana ƙoƙarin haɗa lu'ulu'u da wutar lantarki, sai ya sami wani abu daban mai tsananin tauri, ya raɗa masa suna Carborundum. Abin dariya a nan shi ne, da rairayi da gawayin kwal ake yin sa, a gasa su a zafin da ya kai wajen digiri 2,000. Wato abin da Haɗeja ta fi kowa arzikinsa, shi aka toya a wata nahiya aka mayar dutse. A ma'aunin tauri mai hawa 10, ƙwayar rairayi tana kan 7, Carborundum kuwa ya haura 9. Ana niƙa shi, a tankaɗe, a ware ƙwayoyin gwargwadon girmansu, a manne su a cikin zubi. Don haka dutsen kanti yake zuwa da siffar bulo, sau da yawa fuska ɗaya mai kaushi, ɗaya mai ɗan laushi.

Hanyar zuwansa gare mu ita ce hanyar sauran kayan kanti. Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma layin dogo ya kai Nguru, ya ratsa ta Malam Madori da ke maƙwabtaka da mu. Taragon da ke fita da gyaɗa da fatu shi ke dawowa da atamfa da kwanuka da kayan ƙarfe. Ƙarfen waje ya fi na tama da maƙeranmu suka saba da shi daidaiton tauri, kuma ƙarfe mai tauri yana son dutse mai ci. A nan baƙon kanti ya sami gindin zama: ga arha, ga sauri, in ya fashe gobe a sayi irinsa.

To wanne ya fi? A ganinmu tambayar ta haɗa ayyuka biyu ne wuri guda. Wajen fitar da baki, dutsen kanti ya yi wa na halitta fintinkau, wanda duk ya musa wannan son tsohon abu ne kawai ke ɗibarsa. Wajen gamawa kuwa, irin da ake zubewa a kasuwanninmu an yi shi ne don wuƙa da adda, ko fuskarsa mai laushin ta yi wa aska kaushi. Dutsen halitta yana ci a hankali, kuma in an jiƙa shi yakan saki wani ɗan kunu daga jikinsa, ƙwayoyin suna mirginawa a ƙarƙashin ƙarfe suna goge shi maimakon su tsaga. Kaifin da ke fitowa yana yanke gashi ba tare da ya cije fata ba. Sai dai adalci ya sa mu faɗi cewa masana'antu, musamman na Japan, sun kai ga yin duwatsu masu lamba 8,000 har sama da haka, waɗanda laushinsu ya kai na kowane dutsen halitta. Tsadarsu ce ba ta aljihun wanzamin ƙauye ba.

Amma kafin a raba gardama, wani na uku ya shigo ya kori su biyun. Tun 1904 King Gillette ya sami rajistar rezarsa da ake aski da ita a yar. Reza ta daɗe a kasuwanninmu ba ta ture aska ba, domin wanzami yana taƙama da ƙarfensa. Abin da ya sauya lissafi shi ne cuta. A 1986 aka fara ba da rahoton ƙanjamau a Nijeriya, ma'aikatan lafiya suka shiga gargaɗi a kan askar da ke bin kai goma, ga kuma ciwon hanta da ke bin jini. Dutse, na halitta ne ko na kanti, yana gyara kaifi ne, ba ya kashe ƙwayar cuta. Wannan gargaɗi gaskiya ne, kuma wanzaman da suka karɓe shi sun kyauta wa jama'a. Da yawansu suka koma amfani da mariƙi mai siffar aska, a ɓare sabuwar reza a gaban mai aski a maƙala. Samari kuma suka koma shagon kilifa.

Yau a Turai da Amurka masu sha'awar askar dā suna biyan kuɗi mai yawa don mallakar dutsen Beljiyam ko na Kyoto, ana rubuta ramin da aka haƙo kowanne. Namu da suka zo a bayan jaki ba su da takarda. Inda aka samo kowannensu yana cikin kan dattijon da ya gaje shi, a Haɗeja ko Auyo ko Kafin Hausa, kuma jikansa da ke ɓare reza ba shi da dalilin tambaya.