Daga Ma'aunin Maƙeri zuwa Gwanjon Intanet: Tarihin Tsofaffin Sulalla a Unguwar Kanawa

Unguwar Kanawa tana arewacin birnin Kaduna, kusa da tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja da aka buɗe a 1964, kuma birnin kansa ya girma ne tare da kuɗin ƙarfe, domin lokacin da hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta dawo Kaduna a 1917, albashin soja da na leburan jirgin ƙasa da sulalla ake biyan sa. 'Yan kasuwar Kano da suka biyo wannan albashi sun fito daga ƙasar da ta daɗe tana ciniki da wuri, inda a 1851 matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana canjin riyal ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500.

Sulallan farko da Turawa suka buga domin wannan yanki sun fito a 1907, masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, kuma anini na shekarar, wato kashi ɗaya cikin goma na kobo, da sanholo aka yi shi, abin da ya sa ake lissafa shi cikin kuɗaɗen sanholo na farko a duniya. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, amma da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai aka koma gaurayen tagulla a 1920. Babban Bankin Najeriya ya kawo nasa a 1959, sannan naira da kobo suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu, 1973.

Kowane canji ya bar ragowa a gwangwanaye da ƙasan adaka, kuma shekaru da dama darajar wannan ragowa ba ta wuce ta ƙarfenta ba. Maƙerin fari, wato mai aikin azurfa da tagulla, yakan ɗora sule a ma'auni ya narkar da shi ya ƙera zobe ko awarwaro, matan Fulani kuma sukan jera sulalla a kitso. Dillaliya ce kan shiga gidaje ta karɓo irin waɗannan kaya, ta kai kasuwa, a taya, ta ce albarka har sai farashi ya kai inda mai kaya ya yarda a sallama, sannan ta cire la'adarta. Ba wanda ya damu da shekarar da ke jikin kuɗin, kuma ta wannan hanya sulallan azurfa masu yawa suka salwanta.

Masu tara tsofaffin kuɗi a Turai da Amurka da wani ma'auni dabam suke aiki, wanda ya dogara da shekara da ƙarancin samuwa da lafiyar jikin sulen. Sukan nemi ƙaramin harafin da ke nuna masana'antar da ta buga shi, kamar H ko KN, dukansu a Birmingham ta Ingila, kuma suna sha'awar kobo da ɗari da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta kafin shekarar ta ƙare. Sai dai an buga waɗannan da yawan gaske, don haka farashinsu bai kai yadda jita-jita ke kambamawa ba. Riyal mai hoton sarauniya Mariya Tereza ya fi kowanne ruɗar masu shi, saboda an ci gaba da buga shi da shekarar 1780 tun bayan rasuwarta har zuwa wannan zamani, ta yadda wanda aka gada daga kaka zai iya kasancewa na ƙarni na 20. Ana auna lafiyar sule da maki daga 1 zuwa 70, tsarin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, kuma goge shi da toka da lemon tsami, wanda uwar gida za ta ɗauka gyara ne, yana zubar da makinsa ƙasa warwas.

Gwanjo, wato sayar da kaya ga wanda ya fi kowa tayi, ya bunƙasa a intanet bayan kafuwar eBay a 1995, kuma ya zo da la'ada iri biyu. A eBay galibi mai sayarwa ne ke biya, inda ake cire fiye da kashi 10 cikin ɗari na abin da mai saye ya biya, har da kuɗin aikawa. Manyan gidajen gwanjo kuwa sun ɗora wa mai saye nasa kaso, al'adar da Christie's da Sotheby's suka soma a Landan a 1975 da kashi 10, wadda a yau takan kai kashi 20 ko fiye, kuma da yake mai saye yana lissafa wannan kafin ya yi tayi, a ƙarshe daga aljihun mai kaya take fita. Mai kaya na iya sa farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, amma an hana jabu, an kuma hana shi sa wani ya riƙa ƙara tayi na ƙarya. Wannan hani na biyu ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na Unguwar Kanawa, domin littattafan fiƙihun Malikiyya sun daɗe da haramta najashi, wato ƙara farashi ba da niyyar saye ba.

Bambancin da ya fi nauyi shi ne dillaliya ta san mai kaya da mai saye, tana iya rage la'adarta saboda zumunci, alhali ƙa'idar kamfani ba ta san kowa ba. Idan aka haɗa la'ada da kuɗin aikawa zuwa ƙetare da na tantancewa a kamfanoni irin su PCGS da NGC, kobo mai huda da ya sha hannu ba ya mayar da abin da aka kashe a kansa, sai dai a haɗa da yawa a sayar a dunƙule. Game da sulallan naira ɗaya da naira biyu da kobo 50 na 2007 kuwa, waɗanda har yanzu halastattun kuɗi ne duk da cewa masu shago ba sa karɓar su, dokar Babban Bankin Najeriya ta wannan shekarar ta hana sayar da kuɗin ƙasa a matsayin haja.